Rakodar Malam Kallamu

Ku matso, jama'a, akwai wata magana a kan Malam Kallamu da ta fi ƙarfin cikina. Wallahi in ban amayar da ita yau ba, kumbura zan yi har sai an nemo kwantena an loda ni a tashar jirgin ruwa ta Huangpu a matsayin kaya. Sirri ne da ko 'yan gidanmu ba su sani ba: abin da dattijon nan yake yi in ya kulle ƙofarsa bayan la'asar. Zan faɗa. Ku daina zaro mini ido, na ce zan faɗa. Amma sai kun san mutumin tukuna, in ba haka ba dariya kawai za ku yi, kuma abin ba na dariya ba ne duka.

Malam Kallamu Bakano ne, baduku gaba da baya. Ubansa jaka yake ɗinkawa, kakansa jaka, shi kansa an ce da basilla a hannu aka haife shi, ungozoma sai da ta yi kuka. Da jakunkunan China suka cika kasuwa, dukanci ya mutu a tsaye, sai ya ce bari ya bi abin da ya kashe masa sana'a har gidan ubansa. Haka ya faɗo Guangzhou, Gwanzu a bakinmu. Aikinsa shi ne alhazan Kano su aiko da oda, shi kuma ya shiga mota zuwa Shiling, garin da babu abin da ake yi sai jaka, ya duba ɗinki, ya ja zik, ya shinshina. E, shinshinawa. Ya kafa hanci a jaka kamar mai neman ɓera, ya ɗago ya ce wa mai masana'anta, “Laoban, wannan ba fata ba ce, bokiti ne aka narka.” Laoban shi ne maigida a yarensu, kowa da shago laoban ne. Gida ɗaya muke haya da shi a unguwar Xiaobei, mu 'yan Arewa a cunkushe a wani dogon bene, ɗakinsa na ƙarshen lungu.

Yana da mata ɗaya a Kano, Turai. To ga inda maganar take. Tun ranar da aka kai ta ɗakinsa, fiye da shekara ashirin, matar nan ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Na san za ku ce ai haka iyayenmu mata suke, kunya ce. To ta Turai ta wuce nan. “Malam” take cewa, in ranta ya ɓaci kuma “wannan mutumin”. Ko alƙalami ba ta kira da sunansa, don wai ya yi kusa, sai ta ce “miƙo mini abin rubutun nan”. Shi kuwa abin ya zame masa wasa. In ya je gida hutu ya dinga tsokanarta ke nan.

“Turai, faɗi sau ɗaya mana in ji yadda yake a bakinki.”

Sai ta ja mayafi ta toshe baki. “Kai dai ba ka da ta ido. Sai ranar da ka dawo gaba ɗaya, ka daina kwana a garin masu cin kwaɗi.”

Shi da kansa yake ba mu wannan labarin in ana cin tuwo, yana dariya har da ƙwalla. Ya ce duk duniya ta gama wulaƙanta sunansa. 'Yan China su ce Ka-la-mu kamar suna tauna gyaɗa, ɗan sanda ya karanta a fasfo kamar sunan magani, amma mutum ɗaya da yake so ya ji ta faɗa ta ƙi.

Har ya shirya komawar, ku sani. Ya sayi wani ƙaton sitiriyo don falon Turai, da amfilifaya, da abin saka faifai, da sifiku biyu da kowacce ta kai tsayin ɗan firamare. Suna cikin kwali a ɗakinsa, sun cinye rabin wurin, sai ya yi ta raɓe in zai yi sallah. Mun ce ya tura su a kwantenar wani, ya ce a'a, shi zai shigar mata da su da hannunsa.

Sai shekarar Olamfik ta zo, dubu biyu da takwas. Waɗanda suke nan a lokacin sun san abin da muka gani. Biza ta zama kamar kujerar Makka. Wanda tasa ta ƙare a ce ya koma ƙasarsu ya sabunto, wanda ya koma kuma shiru kake ji. Ana tare baƙin fata a titi ana neman fasfo, har inuwarka sai ta nuna nata. Ta Malam Kallamu ta ƙare ana cikin haka, ga odar mutane a masana'anta ba a gama ba. Ya ce zai lallaɓa, a gama wasannin nan, ya sallami kayan jama'a, ya tattara ya tafi gaba ɗaya. A waya Turai ta ce masa zazzaɓi ne yake ɗan damunta, ba wani abu ba. Ya yarda, don yana so ya yarda.

Yana Shiling aka kira shi. Direban da ya kai shi ya ce da ya sauke wayar bai ce komai ba. Jakar da take hannunsa ya ci gaba da ja wa zik, ya zuge ya buɗe, ya zuge ya buɗe, har mai masana'antar ya zo ya zare ta a hankali. Kafin ya iso gidanmu an riga an kai Turai makwancinta a Kano. Muka yi zaman makoki a falonmu, talabijin a kunne ba murya, wasu 'yan mata suna ta tsalle-tsalle a kan katako, ba wanda ya tuna ya kashe. Ranar Juma'a bayan an idar a Masallacin Huaisheng aka taru aka yi mata addu'a. Bai yi kuka a gaban kowa ba. Sai dai ya daina shinshina jaka, ya daina ciniki, abin da aka ba shi ya karɓa.

Bayan 'yan makonni wani ɗan kasuwa, Alhaji Ango, ya sauka daga Kano, shi bizarsa ba ta taɓa ciwon kai ba. Ya miƙa wa Malam Kallamu baƙar leda. A ciki akwai kilishi, da yaji, da wani abu a naɗe cikin ɗankwali. Kaset ne. Irin na dā, mai zare, ba rubutu a jikinsa ko ɗigo.

Nan take ya kira babbar 'yarsa, Najiba. Kada ku ce na saurara, ban saurara ba. Malam Kallamu in yana waya har Shiling ana jinsa, kuma duk abin da aka faɗa masa sai ya maimaita da ƙarfi kamar mai fassara wa'azi.

“Ita ta ɗauka? Da tsohuwar rakodar nan tata? Kafin a kai ta asibiti... Ta ce me? Waya iska ce, in an kashe shi ke nan, kaset kuwa yana zama. To. To.” Can sai muryarsa ta canza. “Ta kore ku daga ɗakin? Ke kuma kika laɓe? Najiba, uwarki kika laɓe wa? ... Ta faɗi me? Sunana? Da bakinta?”

Ya zauna a kan matakala, wayar a cinya, kaset ɗin a ƙirji.

To fa. Ga murya a hannu, ba abin da zai fito da ita. Sitiriyon da ya cika masa ɗaki yana cin faifai kala-kala, amma ba shi da bakin kaset. Alhaji Ango ya ce, “Malam, kawo in koma da shi Kano a juye maka a faifai, wata mai zuwa in dawo da shi.” Ya dube shi kamar ya ce a ba shi aron idonsa. “Alhaji, na bar ta a Kano sau ɗaya. Ya isa.”

Sai ya shiga gari neman rakoda, mutumin da fita ƙofar gida ma kasada ce a gare shi. Ku ji abin haushi. Gwanzu fa, garin da ake ƙera injin ɓare ƙwai, da injin sosa baya, da agogon da yake kiran sallah da muryoyi iri-iri. Amma shago bayan shago, bene bayan bene, kalma ɗaya yake ji: meiyo, wato babu. In ya fito da kaset ɗin, 'yan matan shago su taru suna dariya. Wata ta ɗauke shi hoto da waya. Wata ta tura masa ɗan abin sauraron waƙa kamar ƙwayar dabino ta ce wannan ne zamani. Wani saurayi ya karɓa ya zura biro a ramin zai juya, Malam Kallamu ya fizge har sai da biron ya tashi sama. Kullum ya dawo da yamma ƙafa a kumbure, ya ce mana ya je duba kaya. Mu ma mu ce sannu da aiki.

Daga ƙarshe wani direban tasi ya kwatanta masa wata kasuwar gwanjo a bakin kogi, inda ake jibge tsofaffin kayan wuta. Ranar da zai je na bi bayansa. Don tsaronsa na bi, kada a kama dattijo ba wanda ya sani. In kun ga dama ku yarda.

Can ƙuryar kasuwar ya sami wani tsoho da singileti, sigari a gefen baki, yana zaune a tsakiyar rediyoyi kamar kaza a kan ƙwai. Da ya ga kaset bai yi dariya ba. Ya miƙe ya jawo wani abu daga ƙarƙashin tebur, ya hure ƙura. Fari ne kamar azurfa, mai faɗi, da 'yan allurai biyu a bayan gilashi. Ba irin rakodar da muka sani ba ce mai hannu da sifika a jiki. Wannan kai ne kawai, ba ya magana sai an jona shi da amfilifaya, daidai abin da sitiriyon Turai ya rasa. Tsohon ya jona wayoyi a nasa sifikun, ya miƙo hannu. Malam Kallamu ya daɗe kafin ya saki kaset ɗin.

Ni ina bayan wani tulin fankoki. Aka danna, allurai suka motsa.

“Salamu alaikum. Malam, kana jina? Najiba, abin nan yana juyawa kuwa?”

Jama'a, muryar ta cika kasuwar nan. Murya ce siririya, da ɗan haki a ciki. Malam Kallamu ya dafa tebur da hannu biyu. Bakinsa ya amsa sallamar, amma sauti bai fito ba. Ta shiga gaisuwa, ta ce rufin kicin yana zuba, ta ce maƙwabta sun yi suna, ta ce kada ya dinga shan ruwan sanyi ya san ƙirjinsa.

Shi kuwa tsohon kayansa yake talla. Ya danna na turawa gaba don a ga ƙarfin injin, zaren ya yi ta gudu, ya sake dannawa. Sai ga Turai tana cewa, “Ku fita haka nan, ku ja mini ƙofar.” Aka ji ƙarar ƙofa. Ta gyara murya. “Malam, na ce maka sai ranar da ka dawo. To na ga jikin nan kamar ba zai jira ba. Saurara da kyau, sau ɗaya zan faɗa.”

“Tsaya! Tsaya!” Malam Kallamu ya daka tsawa yana ɗaga hannu. Tsohon ya tsayar. Ai ba zai yiwu ba. Abin da ya jira shekara ashirin ba a tsakiyar kasuwa zai ji shi ba, gaban masu tura baro da masu tofar da yawu. Ɗakinsa zai kai, ya rufe ƙofa kamar yadda ta rufe tata. Fuskarsa ta washe, rabon da in ga haƙoransa tun kafin rasuwar. Ya shafa kan injin ya ce da ɗan Turancinsa na kasuwa da Hausa a haɗe, “Laoban, gud, gud! Wannan rakoda nake so. Rakoda, oke?”

Ku kun san mu duk abin da yake cin kaset rakoda muke ce masa, ko waƙa kawai yake yi. Tsohon kuwa a ɗan Turancin da ya tsinta, kalmar nan ɗaukar murya take nufi. Ya zaci tambayarsa ake yi ko injin yana ɗauka.

“Rikod? Oke, oke!”

Ya jawo makirfo da yake jone a gefe, ya danna jan maɓalli, ya kai baki. “Wei, wei. Nihao, nihao. Wei.” Halo-halo da gaisuwarsu ke nan. Ya ƙirga wani abu da yarensu, ya hura iska a makirfon, ya kashe.

Malam Kallamu yana tsaye yana murmushi, yana gyaɗa kai. Ya zaci sifika ake gwadawa. Ni ma haka na zata, Allah Ya sani. Sai da tsohon ya tariyo baya kaɗan, ya danna, ya ɗaga babban yatsa yana jiran yabo.

“...Saurara da kyau, sau ɗaya zan faɗa.” Ƙas. “Wei, wei. Nihao, nihao.”

Malam Kallamu da kansa ya kai hannu ya kashe. Bai yi ihu ba. Da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un,” a hankali, irin yadda bai iya faɗa ba ranar da aka kira shi a Shiling. Tsohon ya dubi fuskarsa, yatsan ya sauka. Ya zaro kaset ɗin ya juya bayansa, ya ga 'yan kunnuwan nan biyu da ake karyawa don kada a ɗauki wani abu a kai suna nan lafiya lau. Wa zai gaya wa Turai a karya kunnen kaset? Ya nuna kaset, ya nuna Malam Kallamu, ya yi tambaya da hannu. Malam Kallamu ya nuna ƙirjinsa, sannan ya kwantar da tafin hannu ya nuna ƙasa. Sigarin ya faɗi daga bakin tsohon. Ya ɗauko ɗan sukundireba ya karya kunnuwan, ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa masa da hannu biyu.

Ya sayi injin. Mutumin da a dā yake ciniki har mai kaya ya nemi ruwa, ranar kuɗin da aka faɗa masa ya ƙirga ya biya. Tsohon ya rungumo masa shi har bakin titi, ya tare tasi, ya tsaya yana ta sunkuyar da kai har motar ta ɓace.

A ranar aka farke kwalayen falon Turai. Muna jinsa yana jan sifiku, yana neman bakin waya. Tun daga nan, kullum in an yi la'asar sai ya shige ya murza mukulli. 'Yan gida suka ce karatun Alƙur'ani yake saurare. Wani ya ce waƙoƙin dā ne. Ni na san kaset ɗaya ne a ɗakin nan, kuma na san abin da aka yi masa. Abin da ban sani ba shi ne me mutum zai yi ta nema a wurin da aka riga aka goge. Abin ya hana ni sukuni, abinci ma sai in ci kwano biyu kawai in ture.

Ran nan dai, kowa ya tafi Huangpu rakiyar kaya, gidan ya yi tsit. Na cire takalmi, na bi lungun a hankali, na manna kunne a ƙofar. Ga sirrin da na yi muku alkawari.

Ya rage murya ƙasa sosai. Na ji zare yana gudu baya, na ji ƙas.

“Saurara da kyau, sau ɗaya zan faɗa.”

“Wei, wei. Nihao, nihao. Wei.”

Sai na ji Malam Kallamu, da wata murya da ban san yana da ita ba, ya ce, “Na'am.”

Tsohon ya gama ƙirgensa, ya hura iskarsa. Sai ga Turai ta dawo, tana dariya, dariyar wadda ta yi abin kunya ta toshe baki da mayafi, har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, “Ka ji ko? To shi ke nan. Kada ka saba.”

Ƙas. Zare ya koma baya. Ta sake cewa ya saurara. Tsohon ya sake wei wei ɗinsa.

“Na'am, Turai. Ina jinki.”

Ban san sau nawa aka yi haka ba. Na dai san wuyan rigata ya jiƙe, kuma ba gumi ba ne, ko da yake in kun ba wani labarin ku ce gumi ne. Ina cikin jan hanci sai na ji mukulli ya juya. Ƙofar ta buɗe, saura kaɗan in kifa a kan cikinsa.

“Ghali.”

“Na'am, Malam. Wai dama... tsintsiya nake nema.”

“A jikin ƙofata ake ajiye ta?” Idonsa jawur, amma ba fushi a ciki. “Tun ɗazu nake kallon yatsun ƙafarka ta ƙasan ƙofa, ɗan nema. Ko farce ba ka yankewa.”

Na fara rantse-rantse, ya ɗaga mini hannu. Ya leƙa lungun ya ga ba kowa, sannan ya kama hannun rigata ya jawo ni ciki ya mayar da ƙofa.

“Tunda kunnenka ya saba shiga inda ba a kira shi ba, yau zai yi aikin lada. Nawa ya tsufa. Wani lokaci sai in ji kamar akwai wani abu a ƙarƙashin muryar mutumin nan, can ƙasa, kamar ba ta goge duka ba.” Ya nuna mini gaban sifikar. “Durƙusa nan. Kada ka yi mini ƙarya don ka faranta mini, na san halinka. In ka ji, ka ce ka ji.”

Na durƙusa, na kafa kunne a jikin sifikar. Ya ɗora yatsa a kan maɓallin, ya ce bismillah.